Golf GTI, Fiesta ST ko Civic Type R ta hannu: mene ne daɗinsu, kuma me ake dubawa kafin a biya kuɗi?

Ɗan Lami:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana mota. Shawara nake nema a kan ƙananan motocin nan masu yankakken baya da ake sa musu inji mai ƙarfi, irin su Golf GTI, Focus ST, Fiesta ST, Civic Type R, Mégane RS da Mini Cooper S. Idan sun kai shekara takwas zuwa goma sha biyar, kuɗinsu yakan sauko har ya yi daidai da na ƙaramar mota sabuwa wadda ba ta da wani armashi, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Me ke sa mutane suke manne musu haka, alhali in ka cire tambari da jan zaren gaba, kamanninsu ɗaya da Golf ko Focus na kowa da kowa? Kuma wace matsala ce kowacce ta fi yawan bayarwa? Mota ɗaya ake so, ta zuwa aiki da ɗaukar iyali, ba ta ajiyewa a rufe ba. Giyar hannu ko otomatik, duk babu damuwa.

Injiniya Dogo:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Lami. Wannan kamannin da ka ce ɗaya ne da na motar kowa, ai shi ne rabin daɗin. Gangar jikin, gilasai, fitilu, ƙofofi, na'urar sanyi da wayoyin wuta yawancinsu irin na motar da aka ƙera da yawa ne, don haka kayanta ba sa wuyar samu kamar na motar tsere mai kujera biyu. Kujerun baya suna kwanciya, but yana cin kaya, tana shiga matsattsen wurin fakin. Abin da kamfani ya canza yana ƙasa ne, inda ido ba ya gani.

Tun asali dabarar ke nan. Golf GTI ta farko da ta fito a 1976 injinta lita 1.6 ne, ƙarfin doki 110 kacal, amma nauyinta bai wuce wajen kilo 810 ba. Peugeot 205 GTI ta 1984 ma haka take. Rashin nauyin ne ke sa mota ta juya da zarar ka murza sitiyari, ta tsaya da wuri, kuma ba ta cinye taya da birki kamar babbar mota mai irin wannan gudun. Waɗanda suka biyo baya sun yi nauyi, GTI ta biyar ta haura kilo 1,300, amma an rama da ƙarfi: doki 200 a ta biyar, 210 a ta shida, 220 a ta bakwai da ta fito a 2013.

Banda inji, akan sauke motar ƙasa da kamar milimita 15, a sa sifirin da shok masu tauri, a ƙara kaurin sandar da ke hana mota kishingiɗa a kwana, a faɗaɗa faifan birki. Faifan gaba na GTI milimita 312 ne, a ta bakwai mai kunshin Performance kuma 340, tare da na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba biyu don kada ta cikin kwana ta riƙa juyawa a banza. Mégane RS mai shasin Cup ma tana da irin wannan, kuma Renault ta yi wa ƙafar gabanta wani gini na daban da ke rage fizgar sitiyari idan an taka totur. Mutum ba zai iya sayen Golf ta gama-gari ya sa mata manyan rim ya samu wannan ba, domin kamfani ya daidaita komai ne tare.

Sai ka san halin injin da kake so, don iri biyu ne kuma ba su yi kama ba. Mai turbo, kamar GTI ta biyar, yana ba da ƙarfin murɗawa Nm 280 tun daga juyi 1,800 a minti, wato ko a giya ta huɗu ka taka za ta ɗauka ba sai ka sauko ba. Civic Type R samfurin EP3, wadda aka ƙera a Swindon ta Ingila daga 2001 zuwa 2005, ba ta da turbo. Dokinta 200 ne ita ma, amma sai allurar juyi ta kai 7,400 kafin ka same su, kuma a ƙasa da wajen 5,800, kafin VTEC, tsarin Honda da ke ƙara buɗe bawul, ya fara aiki, tafiyarta kamar ta Civic ta kowa ce. Wanda ke son canza giya da jin kukan inji zai ƙaunace ta. Wanda ke yini cikin cunkoso zai fi jin daɗin mai turbo, kuma a ganina ga buƙatar da ka faɗa, nan ya kamata ka karkata.

Abu ɗaya dai ka riƙe: kuɗin sayenta ne ya faɗi, kuɗin riƙonta bai faɗi ba. Taya, birki, kuloci da baƙin mai suna nan a farashin motar da ta fito da ƙarfin doki 200.

Usta Bakanike:

Injiniya ya gama da ɓangaren daɗi. Bari in shiga ɓangaren ciwo, don kowane inji da inda yake karyewa, kuma kusan duk an san su.

GTI ta biyar, inji EA113. Taimin bel gare ta, kuma akwai wata gajeriyar sarƙa a ɗaya ƙarshen da ke haɗa kamshaf biyu. Bel ɗin kada ya wuce shekara 5 ko wajen kilomita 100,000, a canza shi tare da famfon ruwa da abin ɗame shi. Babbar matsalarta ƙaramin abu ne: wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da ke tsakanin kamshaf da famfon fetur mai matsi. Yana da baƙin shafi a samansa. Idan shafin ya goge, ƙarfe ya fara cin ƙarfe, sai ƙoƙon ya huje, ya cinye kamshaf da famfon gaba ɗaya, ɓarɓashin kuma ya bi baƙin mai. Kusoshi uku ne ke riƙe da famfon, aikin rabin awa ne a sauke matsin fetur a ciro a duba. In ka ga tsakiyarsa ya fara fari, canza shi. A riƙa dubawa duk kilomita 20,000 zuwa 30,000. Sai robar bawul ɗin da ke sakin iskar turbo, tana yagewa, motar ta rasa ƙarfi ba tare da ta kunna wata fitila ba. Sai ragar bututun da ke zuƙo mai daga kwanon inji, tana toshewa da datti in an saba jinkirta sabis, kuma wannan shi ke buga inji.

GTI ta shida, inji EA888, sarƙa gare ta ba bel ba. Abin ɗame sarƙar na shekarun farko yana sakewa idan mota ta kwana, sarƙa ta tsallake haƙori lokacin tayarwa, bawul ya haɗu da fistin. An gyara ƙirarsa wajen 2012. Akwai ɗan murfi a jikin marfin taimin da ake cirewa a leƙa a ga ko tsoho ne ko sabo. In babu takardar da ta nuna an canza, ka ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗin aikin daga farashi.

GTI ta bakwai ta fi su lafiya, amma gidan famfon ruwa da tamostat na roba ne, yana tsagewa ya riƙa yoyo a hankali a ƙarƙashin bututun shigar iska. Haska tocila can ƙasa, ka nemi busasshen ruwa mai launin hoda ko fari-fari a jikin bulok. Wasu na shekarun farko kuma turbo ɗinsu ya mutu da wuri.

Duk injin da nozul ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, kamar EA113, na Mini Cooper S da EcoBoost na Ford, yana tara baƙin gawayi a bayan bawul ɗin shigar iska, saboda fetur ba ya bi ta wurin ya wanke. Alamarsa rawar inji da safe da rashin daidaito a silo. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya kaiwa wurin. Sai an cire bututun an fesa garin ɓawon gyaɗar walnut da iska an kankare.

Giyar DSG, wato otomatik ta Volkswagen, mai gudu shida, DQ250, kulocinta a cikin mai yake. Mai da filta duk kilomita 60,000, ba ragi. In an tsallake, datti yana kashe ƙwaƙwalwar giyar, kuma wannan gyara ne mai tsada. Mai gudu bakwai ta Polo GTI 1.4, wato DQ200, busasshen kuloci ne da ita, kuma ita da injin nan da aka haɗa wa turbo da supacaja sun yi suna wajen ba da wahala da shan baƙin mai. Golf R tana da ƙarin wani man, na Haldex da ke kai ƙarfi tayoyin baya, duk shekara 3, a kuma wanke ragar famfonsa.

Mini Cooper S ta 2006 zuwa 2010 mai inji N14, nan sai a yi hattara ƙwarai. Sarƙar taimin tana kaɗawa da safe kamar injin dizal, famfon fetur mai matsi yana mutuwa, gidan tamostat yana yoyo, ga shan mai. N18 da ya maye gurbinsa a 2010 ya fi dama.

Fiesta ST mai 1.6 EcoBoost, doki 182, injinta mai ƙwari ne, amma Ford ta kira wasu motoci masu wannan injin a 2017 da 2018 saboda ruwa na iya raguwa direba bai sani ba, tof silinda ya ɗau zafi ya tsage. Gyaran ya haɗa da sa na'urar da ke faɗakarwa in ruwa ya yi ƙasa. Ka ba dila lambar shasi ya tabbatar an yi. Focus RS ta 2016 da 2017 ita ma a tambayi aikin gaskit ɗin tof silinda. Focus ST ta 2005 mai silinda biyar, injin Volvo ne lita 2.5, doki 225, kukansa babu kamarsa, amma tana shan fetur sosai, kuma in an ƙara mata ƙarfi bangon silinda yana iya tsagewa.

Renault Clio 172 da 182, taimin bel duk shekara 5, tare da fulin da ke sauya lokacin bawul. Fulin kamshaf ɗinta ba su da makulli, sai da ƙarafan kulle na musamman ake saita su. Bakaniken da ya ce zai yi da alamar fenti, kada a ba shi, don motar za ta tashi amma ƙarfinta ya tafi.

Honda ce ta fi ƙarancin matsala. Injin Civic Type R, K20, yana shan ɗan mai idan ana kai shi sama, sai a riƙa duba sanda duk mako. A saita tazarar bawul duk kilomita 40,000. A EP3 a saurari ƙarar giya ta biyu da ƙwanƙwasar sitiyari, a FN2, samfurin da ya biyo bayanta, kuma giya ta uku. Tsatsa a bakin tayoyin baya ita ce ke kashe su, ba inji ba.

Maman Hanif:

Malam Ɗan Lami, tunda ka ambaci iyali, akwai abin da ba a faɗa ba. Fiesta ST daɗin tuƙinta ba a magana, amma shok ɗinta yana da tauri ƙwarai, kuma tayarta 205/40 R17 ce, wato tsayin gefen tayar milimita 82 ne kawai. Duk ramin da ta faɗa, na baya ne zai sha, kuma rim ɗin na saurin lanƙwasa. Civic FN2 ma haka, ga shi ƙofa uku ce. Sa yaro a kujerarsa ta baya a mota mai ƙofa uku wahala ce ta kullum.

GTI mai ƙofa biyar a kan rim 17, taya 225/45, gefenta ya kai milimita 101. Mai rim 18 da 225/40 ya sauko 90. Wannan tazarar ana jin ta a jiki, kuma tayar 17 ta fi araha. Na san 18 da 19 sun fi kyan gani, amma ga motar yau da gobe ni 17 zan zaɓa.

A kuma duba irin fetur da aka rubuta a cikin murfin tanki. Yawancinsu mafi ƙaranci RON 95 suke so, wasu 98, RON kuwa ma'aunin ingancin fetur ne. In aka zuba na ƙasa da haka, kwamfutar inji za ta ja taimin baya don kare fistin, ƙarfin da aka saya dominsa ya ragu, shan mai ya ƙaru. Inda ba a samun irin wannan fetur a kai a kai, Suzuki Swift Sport mai lita 1.6 ba turbo, doki 136, nauyi kaɗan sama da kilo 1,000, ta fi sauƙin riƙo nesa ba kusa ba, duk da cewa but ɗinta ƙarami ne. Kuma a tambayi kuɗin inshora kafin a saya, ba bayan an saya ba.

Ɗan Lami:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Usta, ga wata tambayar. Da yawa daga cikin waɗanda ake tallatawa an rubuta an taɓa kwamfutar inji an ƙara ƙarfi, wasu an canza salansa. A guje su ne gaba ɗaya? Kuma in an je ganin mota, ta ina ake farawa?

Usta Bakanike:

Ba dole a guje su ba, amma ka san abin da aka yi. Matakin farko na ƙarin ƙarfi a injin turbo, wanda shirin kwamfuta kawai ake canzawa, yakan ƙara doki 30 zuwa 50, kuma inji mai lafiya yana ɗauka. Wanda ba ya ɗauka shi ne kulocin giyar hannu, musamman na GTI ta bakwai, sai kuma koyil da filogi. Ka nemi sunan kamfanin da ya yi aikin da rasit. In mai mota bai san wanda ya yi ba, ko an cire matatar hayaƙi an kashe fitilar gargaɗi, ko an sa mata shirin nan mai sa salansa harbi, ka wuce. Wannan harbin fetur ne ke ƙonewa a cikin bututun hayaƙi, yana dafa turbo. Tsakanin biyu masu kuɗi ɗaya, wadda ba a taɓa ba ita ce zaɓi, ko da malejinta ya fi yawa.

Wajen dubawa, ka sharɗanta wa mai mota kada ya tayar da ita kafin ka zo. Ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake. Kafin a murza ki, zaro sandar mai ka ga yawansa, buɗe murfin mai ka duba ko akwai farin kumfa mai kauri, ka duba ruwa a gorarsa ko yana tsakanin alamu biyu. Sai wani ya tayar kai kana tsaye a gaba, bonet a buɗe. Sakan uku na farko su ne masu faɗin gaskiya: kaɗawar sarƙa a nan take fitowa. Koma baya ka dubi hayaƙi. Shuɗi mai ne, ko daga ringi ko daga turbo. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne.

Daga nan tayoyi. Su ne ke nuna halin mai mota fiye da bakinsa. Taya huɗu iri ɗaya na kamfani sananne, alama ce ta wanda ba ya ƙyashin kashe kuɗi. Huɗu kala-kala masu araha a kan mota mai doki 220, ka san haka ya yi wa baƙin mai. Lamba huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT a gefen taya mako ne da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Shafa hannu a gefen ciki na tayar gaba, in ya cinye fiye da na waje, ko alaimen ne ko bushin. In ka ga robar gefen ta narke ta dunƙule, faifan birki ya yi shuɗi-shuɗi ko yana da ƙananan tsaga, an kai ta filin tsere. Leƙa ƙarƙashin kafet ɗin but da kusoshin fenda, in an taɓa kwance su fentin kansu zai nuna.

A kan hanya, bari ta yi zafi tukuna. Sa giya ta huɗu ko ta biyar a juyi 2,000 ka taka totur har ƙasa. In allurar juyi ta yi tsalle amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. In ta yi shaƙuwa, koyil ne ko filogi ko famfon fetur. Sauko daga ta uku zuwa ta biyu da ɗan sauri ka ji ko za ta yi ƙara. In DSG ce, tsaya a ɗan hawa, saki birki ba tare da totur ba, ya kamata ta ja a hankali ba fizga ba rawa, ka gwada ribas ma haka, kuma ka maimaita bayan tafiyar minti ashirin, don wasu sai mai ya yi zafi suke nuna halinsu.

Ƙarshe a sa mata na'urar sikanin. Kada ka tsaya ga cewa babu lambar matsala. Duba ko gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi wa kanta sun kammala. In duk suna nuna ba su kammala ba, an goge lambobi ne kwanan nan. In motar ta kwanta maka, a auna matsin kowace silinda, bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari.

Injiniya Dogo:

Ƙari kaɗan a kan na Usta. Ko takardu sun cika, makon da aka saya a yi mata sabis daga tushe, don a san daga ina ake lissafi. Baƙin mai mai lambar amincewar kamfani, na GTI VW 502 00 ko 504 00, kuma a riƙa juyewa duk kilomita 10,000 ko shekara ɗaya, a bar tsarin nan na dogon zango da ke kaiwa 30,000, don shi ne ke toshe ragar da Usta ya ambata. Filogi huɗu sababbi. Man birki kuma a zubar da tsohon gaba ɗaya: DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma yana zuƙar danshi, in ya jiƙa yana iya saukowa wajen 155, shi ya sa feda ke nutsewa a doguwar gangara. Duk shekara 2 ake canza shi.

Ga buƙatarka, Malam Ɗan Lami, ni GTI ta bakwai mai ƙofa biyar zan fara nema, a kan rim 17, wadda ba a taɓa kwamfutarta ba, da rasit na famfon ruwa, da na man giya in DSG ce. In kuɗi bai kai ba, ta shida daga 2012 zuwa sama, ko Focus ST ta 2012 mai lita 2.0 da doki 250, wadda har mai dogon baya akwai in kaya sun yi yawa. Kuma kada kuɗin hannu ya ƙare a saye, a bar abin da zai ishi taya huɗu, birkin gaba da wannan sabis na farko.